Liƙin Da Na Yi Wa Maƙwabcina A Cheras

Edita da 'yan uwa masu karatu, assalamu alaikum. Ku yi haƙuri in ɓoye sunana da na duk wanda zan ambata, don abin da zan faɗa ba abin alfahari ba ne. Lokacin da abin ya soma shekarata ashirin da tara, ina da 'ya'ya biyu da cikin na uku, muna zaune a Kuala Lumpur, a unguwar Cheras, hawa na goma sha ɗaya. Maigidana malamin jami'a ne da aka turo karatun digiri na uku, ni kuma na biyo shi da yara. Bari in faɗi gaskiya a kaina tun da wuri: ni mace ce mai son a ce na iya. In za a yi taro a gidana, to sai an yi wata guda ana zancensa. A cikin matan Hausawa da ke can ni ce mai buɗe guruf, ni ce mai cewa a fitar da anko, kuma in an shiga kasuwar Chow Kit ni ake bi a baya, don na san rumfar da ake samun kuɓewa mai kyau da naman da aka yanka da safe. Bakina ba ya hutawa, kunnena kuma ba ya ɗaukar magana sai wadda ta yi mini daɗi. Mahaifiyata ta sha faɗa mini haka, ni kuwa sai in yi dariya in wuce.

Ƙofarmu tana kallon ƙofar wani dattijo ɗan ƙasar Filifin, gajere, mai furfura, kullum tsaf da shi kamar zai je ɗaurin aure. Da na ji an ce makaɗi ne a wani babban otel a cikin gari, sai na ja jikina. Kun san yadda muke da makaɗa a gida, muna son kiɗansu amma ba ma son a gan mu zaune da su, balle wanda yake kiɗa inda ake shaye-shaye. Har na gargaɗi yara kada in ga ƙafarsu a ƙofarsa. To, yaran ne suka fara karya dokar, don kullum ya haɗu da su a lif sai ya durƙusa ya gaishe su kamar manya. Daga baya na lura da wasu abubuwa da suka sa jikina ya yi sanyi. Yana gwajin kiɗansa da rana a kan fiyano, amma da an kira salla a ƙaramin masallacin da ke ƙasan benen sai ka ji ɗif, ba zai sake taɓawa ba sai an idar, alhali shi Kirista ne. Bai taɓa miƙo mini hannu ba, sai dai ya ɗora a ƙirji ya sunkuya. Kafin shekara ta zagayo yarana suna kiransa Lolo, wato kaka a yarensu, ni ina ce masa Baba, shi kuma yana ce mini 'yata. In na yi ɗanwake sai na zuba masa, ya ci yana hawaye saboda yaji, ya kuma miƙo kwano a ƙara.

A irin wannan kai kwano da karɓo kwano ne na ji tarihinsa, gutsure-gutsure, ina tsaye a bakin ƙofa. Ya bar garinsu yana da shekara ashirin da biyu, ya fara kiɗa a jirgin ruwa, daga nan Japan, sai Bahrain, sai Dubai, sai Jakarta, har ya ƙare a nan. Kusan shekara arba'in ke nan yana kwana a ƙasashen mutane. 'Ya'yansa huɗu sau ɗaya a shekara yake ganinsu, ya ce maganar farko da babbar 'yarsa ta yi a kaset ya ji ta, wanda matarsa ta aiko masa cikin wasiƙa. Ranar da matar ta rasu yana ƙasar Larabawa, kuma sai da ya hau dandamali ya yi kiɗan ranar kafin ya kama hanya, saboda ba shi da wanda zai tsaya masa. Shi ne shugaban ƙungiyarsu, su shida har da shi: mawaƙa mata biyu, mai ganga ɗaya, masu jita biyu. Shi ke sa hannu a kwantiragi, shi ke zaɓen waƙoƙi, shi ke raba faɗa, shi ke tsawata wa wanda ya makara, yana ce musu yarana. Ya ce sana'arsu ba ta wuce kunne ba, baƙo daga ko'ina zai nemi waƙar garinsu, kai kuma dole ka ba shi. Ya faɗa mini saura shekara biyu kwantiraginsa na ƙarshe ya cika, ya miƙa ƙungiyar ga babban mai jitarsa, ya koma gida ya san jikokinsa.

Haihuwa ta zo mini sati biyu kafin lokacin da aka ɗiba, da rana tsaka, maigidana yana wani gari wajen taron ƙara wa juna sani. Wallahi ko wayata na kasa riƙewa. Babbar 'yata ce ta ruga ta buga ƙofar Baba, shi kuwa lokacin barcinsa ne, tunda da yamma yake fita aiki. Ya fito da silifas wari da wari, ya kira mota, ya ɗauki jakata, ya kai ni asibiti, ya tsaya ya cike takardu, ya kira maigidana ya kwantar masa da hankali. Sannan ya kwashi yarana ya kai su shagon mamak, inda Indiyawa Musulmi ke sayar da abinci, don ya san ba zan so su ci na ko'ina ba. Likita ta ce da na ƙara jinkiri kaɗan da labarin ya canja, ni da jaririyar duka. Ina kwance a gadon nan na ɗauki alkawari tsakanina da zuciyata cewa sai na karrama mutumin nan, karramawar da ba a taɓa yi masa ba a duk ƙasashen da ya zaga.

An raɗa suna ranar bakwai a masallaci, muka ɗage yinin mata zuwa arba'in don in ƙara warwarewa. Dama akwai ranar da ya ji kiɗan bikinmu yana tashi a wayata, ya saurara sau biyu, ya shiga ɗaki ya fitar da shi a fiyano har na saki ihu a baranda. Don haka na same shi na roƙe shi ya yi mana kiɗa a yinin. Sai ya ce in kira maigidana, zai yi magana a gabanmu mu biyu. Ya bayyana mana cewa takardar izinin aikinsa a ƙasar an ɗaure ta ne da otel ɗin nan guda ɗaya, kuma kwantiraginsu ya hana shi yin kiɗa a wani wuri a ba shi ko sisi. Ya ce zai zo ne a matsayin kakan jaririya, ba makaɗi ba, bisa sharaɗi biyu: kada a ba shi kuɗi ta kowace hanya, kada kuma a ɗauke shi a bidiyo. Sau uku ya maimaita, yana kallon cikin idona. Maigidana ya ce ya fahimta sarai, don shi ma takardarsa ta ɗalibi ba ta yarda ya yi aiki ba. Ni kuwa na yi caraf na ce boleh, yadda 'yan ƙasar ke cewa in abu zai yiwu, na ce kada Baba ya damu, an gama.

To ku ji abin da ke cikin kaina a lokacin. Na ɗauka kara ce. A wurinmu in ka miƙa wa mutum abu ya ce haba a bar shi, ai ba ka mayarwa aljihu, sai ka cusa masa, shi ma ya san za ka cusa. Wanda ya karɓa da fari shi ne marar kunya, wanda ya janye da fari shi ne marowaci. Sai na ce a raina dattijon kirki ne, nauyina yake ji. Kuma ta yaya makaɗi zai yi wasa a taron 'yata ya tashi goshinsa a bushe, ba a yi masa liƙi ba? Me matan nan za su ce a kaina? Abin da ya fi ci mini rai yanzu shi ne, ba zan ce ban san yadda dokar take ba. Ni kaina ina ɗan yin dambun nama ina sayarwa a ɓoye, kuma duk wadda ta saya sai na ja mata kunne kada ta sa hotonsa a ko'ina, saboda takardata ba ta sana'a ba ce. Tawa dokar na ɗauke ta da gaske, tasa na mayar da ita kunya. Na rubuta a guruf cewa kowa ta zo da sababbin kuɗi, ƙananan takardun ringgit na ƙasar, akwai liƙi. Ban faɗa wa maigidana ba. Wata babba a cikinmu, matar wani farfesa da muke kira Anti, ta kira ni ta tambaya ko mutumin ya amince da haka. Na ce mata ta rabu da shi, kawaici ne irin na manya.

Ranar yini muka kama zauren taro da ke ƙasan benenmu, bayan azahar. Maza suka ci nasu suka haura sama da maigidana, mata suka cika wuri, ga masa, ga funkaso, ga zoɓo, ga turaren wuta har ma'aikatan gidan suna leƙowa. Baba ya shigo cikin wata farar riga mai aiki ta ƙasarsu, wadda ya ce sai babbar rana yake sa ta. Sati uku ya yi yana koyon kiɗanmu. Yana ɗora hannu a fiyano wuri ya kaure, mata suka miƙe, wata ta rangaɗa guɗa. Ni kuwa na gyara ɗaurina, na zaro bandir ɗina daga jaka, na taka har gabansa na manna masa takardar farko a goshi. Gumi ya riƙe ta. Ya ɗago ya kalle ni, kallon da har in mutu ba zan manta ba, ya girgiza kai a hankali. Hannayensa biyu suna kan fiyano, ba shi da hannun da zai kare kansa. Na yi dariya na ƙara ta biyu da ta uku. Kafin ka ce me mata sun yi masa zobe, kuɗi na zuba a kansa, a kafaɗarsa, a kan fiyanon, wayoyi kuma sun tashi sama ta ko'ina, har da tawa da na miƙa wa ƙawata. Bai tsaya ba. Ya kai waƙar ƙarshe, ya ƙara biyu kansa a sunkuye, sannan ya miƙe ya rusuna mana, ya naɗe wayoyin kayansa ya fita. Na ce wa Anti daɗi ne ya hana shi magana.

Washegari da safe ya buga ƙofata da kansa. Ya miƙo mini ambulan, ashe ƙawayena sun tattara kuɗin sun bi shi da su har sama, shi kuma ya jera su ya miƙar da kowace takarda ya dawo da su duka. Ya ce in saya wa jaririya abin da take buƙata. Sannan ya tambaye ni, muryarsa ƙasa ƙasa, ko bidiyon ya fita. Na dubi tsohon nan da ya ceci raina, na shara masa ƙarya. Na ce tsakaninmu ne kawai, kuma yanzu zan sa kowa ta goge. Alhali tun kafin in cire kayan yini na ɗora shi a shafina na sada zumunta, na rubuta a ƙasa cewa a zo a ga shugaban makaɗan otel kaza, na kama sunan otel ɗin ƙiri-ƙiri, ya zo sunan 'yata da ƙafarsa. So nake 'yan uwa da ƙawayena na gida su san ba zaman banza muke yi a waje ba. Na rufe ƙofa na ɗauki waya da niyyar gogewa, sai na ga yadda ake ta yabo, ana ta turawa gaba, ana cewa ba ni da dama. Kaina ya kumbura. Na ce bari ya ƙara kwana ɗaya tukuna. Wannan kwana ɗayan, jama'a, shi ne abin da ban iya yafe wa kaina ba.

Ya ƙara kwana ɗaya, ya ƙara biyu, ya fita daga hannuna. Shafukan barkwanci na gida suka ɗauka, daga nan na 'yan ƙasar suka ɗauka, ana ta mamakin tsohon Bafilifine yana kiɗan Afirka da kuɗi manne a goshi. Lokacin da tsoro ya kama ni na goge nawa, gogewar ba ta da wani amfani. Na yi gum, ina addu'ar abin ya lafa. Kamar kwana goma bayan yinin, ina wanke kayan jaririya da hantsi, aka buga ƙofa da ƙarfi. Na buɗe na ga ɗaya daga cikin mawaƙansa mata, wadda na taɓa gani sau biyu tana kawo masa saƙo. Idanunta sun yi jawur. Ta ɗaga wayarta daidai fuskata, sai ga ni ina rausaya ina manna kuɗi. Ta ce kamfanin da ya kawo su ƙasar ya kira su, an soke kwantiragin, ba nasa kaɗai ba, na su shida duka, domin takarda ɗaya ce kuma da sunansa take. Za a janye izinin zamansu, sati biyu aka ba su su bar ƙasar. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un! Na zauna a dokin ƙofa da kumfa a hannuna.

Amma ba wannan ne ya fi gigita ni ba. Ashe ba faɗa ta zo yi da ni ba, tambaya ta zo yi. So take in faɗa mata nawa Baba ya nema kafin ya zo. Ta ce tana so ta san a kan nawa ya sayar da su, ita da ta bar 'ya'ya biyu a hannun tsohuwar uwarta. Ta ce wannan mutumin, shekarun baya, shi ya sallami wani mai gangarsu ya mayar da shi gida saboda ya je ya yi kiɗa a wani biki an biya shi, yana kuka yana roƙo bai saurare shi ba, ya ce doka ɗaya ce ga kowa. Yau ga shi shi da kansa. Na tambaye ta shin bai faɗa musu yadda aka yi ba? Ta ce da suka titsiye shi cewa kawai ya yi laifinsa ne, bai ƙara ko kalma ba. Wato kwana da kwanaki yaransa suna kallonsa a matsayin maci amana, shi kuma ya ƙi ambaton sunana. Nan na fashe da kuka na faɗa mata komai, sharaɗin da ya kafa, alkawarin da na yi, saƙon da na tura a guruf, ambulan ɗin da ya dawo da shi, da ƙaryar da na yi masa. Ta tsaya tana kallona kamar ta ga abin tsoro. Ba ta zage ni ba. Cewa ta yi ita ba ta taɓa jin inda mutum zai ce kada a yi masa abu sau uku, a kuma tara jama'a a yi masa ba. Ta juya ta tafi.

Da maigidana ya dawo na faɗa masa, tunda shi bai bin shafukan nan kuma na yi ta ɓoyewa. Na fi son ya yi mini faɗa, amma sai ya zauna ya riƙe kai, ya ce ashe a gabansa aka yi alkawari kuma a gidansa aka karya. Washegari muka goya jaririya muka hau jirgin ƙasa zuwa Brickfields, inda ofishin kamfanin yake, a saman wani shagon yadi. Muka tafi da ambulan ɗin da wasiƙar da maigidana ya rubuta. Jami'in da muka samu mutumin kirki ne, har shayi ya sa aka kawo mana. Na zage ina yi masa bayanin liƙi, cewa ba lada ba ne, girmamawa ce, ana yi wa amarya, ana yi wa uwar biki, ana yi wa duk wanda aka ji daɗinsa. Ya saurare ni har na gama. Ya ce ya yarda da ni, amma in hukuma ta zo bincike ba al'adar garinmu za ta tambaya ba, abin da za ta gani shi ne baƙo mai izinin aiki a wuri ɗaya yana wasa a wani wuri, ga kuɗi a jikinsa, ga sunan otel da ni na rubuta da hannuna. Otel ɗin kuma ya riga ya ce ba ya son rigima, har an fara neman wasu makaɗan. Da za mu tashi ya tambaye ni ko dattijon ya gargaɗe ni tun farko. Na ce e. Ya ce to me ya sa? Na gyara goyon jaririyata muka fito.

Da muka koma na wuce kai tsaye ƙofar Baba. A buɗe take, ɗakin cike da kwalaye, yana zaune a ƙasa yana jera takardun waƙoƙinsa na shekara da shekaru. Na durƙusa a bakin ƙofa kamar yadda zan durƙusa wa mahaifina, na ce ya yafe mini, na yi masa ƙarya, na cuce shi. Ya ce in tashi, mai jego ba ta durƙuso a kan tayil mai sanyi. Ya ce shi ne shugaba, shi ya san doka, shi ya amsa gayyata, don haka nauyin a wuyansa yake. Na tambaye shi me ya hana shi tsayawa tun a takardar farko, ya ture hannuna, ya daka mini tsawa. Ya ce ya yi tunanin haka, amma tunda ya fara sana'ar nan bai taɓa yanke waƙa a tsakiya ba, kuma bai ga yadda zai kunyata ni a gaban baƙina ranar farin cikina ba. Sai ya yi ɗan murmushi ya ce akwai abin da yake so ya tambaye ni tun ranar, bai samu dama ba. Wai shin ya yi kiɗan namu daidai? Akwai wani wuri a waƙa ta biyu da gangar ke juyawa, ya sha wahalarsa, yana so ya san ko ya kama shi. Na ce masa ya yi daidai. Amma wallahi, masu karatu, ban sani ba. Ban ji ko ɗaya ba. Sati uku mutumin nan ya yi yana koyo domina, ni kuma hankalina yana kan bandir ɗina da wayar da ke ɗaukata.

Mawaƙiyar nan ta faɗa wa sauran gaskiya, su huɗu har da ita suka zo suka taya shi ɗaure kaya, mai gangar ne kawai ya ƙi zuwa, ya ce ko ma yaya ne da Baba bai je yinin ba da ba a yi ba. Ranar tafiyarsa yarana suka riƙe ƙafarsa a bakin lif suna kuka, suna tambayata me ya sa Lolo zai tafi. Bayan wata shida na nemi mawaƙiyar a waya, ta amsa mini sau ɗaya. Ta ce ƙungiyar ta watse. Ita ta samu aiki a jirgin ruwa, mutum biyu sun tafi wasu ƙasashen daban daban, biyu suna gida suna buga-buga, ciki har da mai jitar da aka yi wa alkawarin shugabanci. Baba kuwa labarin ya zagaya cikin dillalan makaɗa, ga kuma shekaru, babu wanda ya sake kiransa. Ta ce ko a cocin garinsu an roƙe shi ya yi kiɗa ya ce a ba yara. Ina tura masa gaisuwa duk bayan lokaci, yana amsawa da gajerun kalmomi, ya tambayi lafiyar jaririya, bai taɓa tayar da zancen ba. Mu ma mun gama mun dawo gida, 'yar tawa har ta shiga makaranta.

Abin da ya sa na rubuto shi ne, na ga muna ta fita waje, mata da maza, muna ɗauke da halayenmu kamar kowa ya san su. Karamcinmu abu ne mai kyau, ban ce a bari ba. Amma a ƙasar mutane, in wani ya ce miki a'a, 'yar uwa, ki ɗauka a'a yake nufi, in kuma ba ki gane ba ki tambayi dalili, ki kuma saurara. Mutumin da ke zaune da takarda ba shi da ƙarfin da kike zato, abu kaɗan ke tumɓuke shi, kuma sau da yawa akwai wasu rataye a wuyansa da ba ki taɓa gani ba. Kafin ki ɗaga waya a kan fuskar wani, ki tuna ke za ki samu yabo na kwana biyu, shi ne zai zauna da abin da ya biyo baya. Kuma ki binciki zuciyarki in kin ce za ki karrama mutum, ki tabbata shi ɗin ne kike son a gani. Ni dai na bincika tawa, abin da na tarar bai yi mini daɗi ba. Na roƙi Allah gafara, na roƙi Baba ya kuma ce ya yafe, amma sauran biyar ɗin ban san inda zan same su in durƙusa ba. Ku sa ni a addu'a, ku sa su, don har yau in aka miƙo mini sababbin kuɗi a wurin biki goshin Baba nake tunawa.